Kundin Allurar Semagulutayid da Gyaran Ci, Barci da Motsa Jiki

Asabar, 7 ga Satumba, 2024

Na buɗe wannan kundi bisa shawarar likitan da ke duba ni a kan ciwon suga, domin in riƙa rubuta abin da na yi, da abin da ya biyo baya, da kuɗin da ya fita. Ga inda nake a yau: nauyi kilo 104, tsawo mita 1.74, ƙugu santimita 112, awon jini 148 bisa 92. Gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan jini na kimanin wata uku, ya kai 8.4 cikin ɗari, alhali likita yana son in sauka ƙasa da 7. Shekaru ke nan ina shan metfomin da gilibenkilamayid, amma adadin sai hawa yake yi, kuma sana'ata ta sayar da atamfa a Kantin Kwari sana'ar zama ce tun hantsi har magariba.

Ni na ɗauko maganar feftayid, saboda yadda ake yayata ta a wayoyi a matsayin maganin ƙiba da tsufa da ciwon gaɓɓai baki ɗaya. Likita ya yi mini bayani cewa feftayid gajeriyar sarƙa ce ta amino asid, irin tubalan da ake gina furotin da su, kuma jiki da kansa yana ƙera ire-irenta don aika saƙo daga wata gaɓa zuwa wata. Insulin ma daga wannan dangi yake, yana da amino asid 51, an gano shi a Toranto ta Kanada a 1921, aka fara yi wa maras lafiya allurarsa a 1922. Ya ce tambayar da ta kamata ita ce wacce daga cikinsu aka gwada a kan dubban mutane har hukumomi suka amince da ita, wacce kuma ake sayarwa kawai da daɗin baki. Wadda ta dace da ni ita ce semagulutayid, amma ba zai rubuta mini ita ba sai na yi wata guda ina gyara ci da barci da tafiya, domin maganin yana da tsada ƙwarai, kuma da wuya in iya sayensa har abada. Don haka aikin da na sa a gaba shi ne in kafa ɗabi'un da za su tsaya ranar da allurar ta gagare ni.

Lahadi, 15 ga Satumba

Barci na fara gyarawa. Hirar majalisa bayan isha'i takan kai ni sha biyun dare, in dawo gida in ci tuwo mai nauyi, in kwanta da cikakken ciki, sannan in tashi asuba. Yanzu ina cin abincin dare tsakanin magariba da isha'i, ina barin majalisa ƙarfe tara da rabi, wayar kuma tana kwana a falo. Abokan zama sun yi ta tsiya cewa uwargida ta kafa mini doka, ban musa ba.

Tafiya kuma bayan sallar asuba ce, daga masallaci in zaga unguwa na rabin awa da saurin da zan iya magana amma numfashi ya ɗan ɗaga. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 a mako na irin wannan motsi, tare da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu a mako. Na sayi takalmin tafiya na gwanjo naira 18,000, da na'urar awon suga da tsinkenta naira 32,000.

Talata, 24 ga Satumba

Abin da ya fi wuya shi ne lemon kwalba, domin al'adar kasuwa ce idan babban mai saye ya zo daga Agadas ko Damagaram a aika yaro ya kawo masu sanyi, kuma ba daɗi baƙo ya sha mai shago yana kallo. Na koma ajiye ruwa da zoɓo marar suga a kula. A gida an raba mini faranti: rabi ganye, wato kwaɗon zogale ko rama ko kabeji, kwata wake ko kifi ko ƙwai, kwata tuwon dawa ko acha. An rage dunƙule a miya, an ƙara daddawa. Nauyi kilo 103.

Asabar, 5 ga Oktoba

Likita ya gamsu da kundin, ya rubuta maganin bayan ya yi mini tambayoyi masu yawa: ko na taɓa kumburin fankiriyas, wato gaɓar da ke samar da insulin, ko tsakuwar maɗaciya, ko akwai wanda ya yi wani nau'in sankarar tayirod, wato gaɓar da ke gaban wuya, a danginmu. Ya kuma tura ni a duba bayan idona, saboda saukar suga da sauri tana iya tsananta lalacewar jijiyoyin ido ga wanda ya riga yana da ita. An duba, babu matsala. Gwajin ido da na ƙoda sun ci naira 27,000.

Yadda maganin ke aiki ya ba ni sha'awa. Idan mutum ya ci abinci, hanji yana sakin wani sinadari mai suna GLP-1, wanda ke sa a saki insulin daidai lokacin da suga ya hau, yana rage saurin fitar abinci daga tumbi, yana kuma sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. Na jiki yana lalacewa cikin kimanin minti biyu. Maganin farko na wannan aji an samo asalinsa daga yawun wani ƙadangare mai dafi na hamadar kudu maso yammacin Amurka, aka amince da shi a 2005. Semagulutayid kuwa kamfanin Novo Nordisk na Danmak ne ya ƙera shi, aka yi masa gyaran da zai daɗe a jini har ya wadatar a yi allura sau ɗaya a mako. Amurka ta amince da shi da sunan Ozempic don ciwon suga a Disamban 2017, sannan da sunan Wegovy don rage ƙiba a Yunin 2021.

Sayensa ya fi rubuta shi wahala. Wani ya yi mini tayin alƙalamin allurar, wato mazubin maganin mai siffar alƙalami, a kusan rabin farashi ta WhatsApp, na ƙi, domin a Yunin bana Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunsa da aka kama a Burazil da Birtaniya da Amurka, kuma a Oktoban 2023 an kwantar da mutane a asibiti a Ostiriya bayan sun yi allura da jabu wanda insulin aka ɗura a ciki. Na saya a babban kantin magani mai rajista, inda mai harhaɗa magunguna ya ciro shi daga firji a gabana, muka duba lambar da ke jikin kwali ta yi daidai da ta jikin alƙalami, ruwan ciki kuma garau yake ba gurɓata. Guda biyu na ɗauka naira 610,000, da kuɗin adashin da na kwasa. Kowane ɗaya ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 fiye da sau huɗu, kuma wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna wa mutum su wa aka yi wa maganin a ƙasar nan.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Allurar farko, miligiram 0.25, a fatar ciki nesa da cibiya. Tsinken siriri ne ƙwarai, ban ji zafi ba. Wannan awo ba na warkarwa ba ne, na sabar wa ciki ne har mako huɗu kafin a hau 0.5. Na zaɓi Juma'a don kada in manta.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Ɗan tashin zuciya da safe da yawan gyatsa. Malmala ɗaya ta fara isata. Kilo 101.5.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Tun farkon makon nan yawancin Arewa ke cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta, kuma wannan ya taɓa aikina kai tsaye. Takardar da ke cikin kwalin ta ce alƙalamin da ba a fara amfani da shi ba dole ya zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8, wanda aka fara kuma zai iya yin kwana 56 a waje muddin zafi bai wuce digiri 30 ba. Ɗakinmu da rana yana wuce haka. Firji ya huce a kwana na biyu, kuma da tsadar fetur ba zai yiwu a bar janareto yana aiki dare da rana saboda kwali biyu ba.

Da farko uwargida ta sayo ƙanƙara, wadda ita ma farashinta ya tashi, za ta jera kwalayen a kai cikin kula. Na kira mai harhaɗa magungunan, ya ce kada maganin ya taɓa ƙanƙara ko kaɗan, domin idan ya daskare ya lalace ko da ya narke daga baya, kuma ba a gane hakan da ido a kowane lokaci. Ya karɓi wanda ba a buɗe ba ya ajiye mini a firjinsa mai aiki da sola, ya rubuta sunana a jiki. Wanda nake amfani da shi kuma muka yi masa dabarar tukwane biyu, irin wadda marigayi Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa a Jigawa don adana tumatir da alayyafo: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, aka cika tsakaninsu da yashi mai laima, aka rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma, aka ajiye a inuwar zaure inda iska ke ratsawa. Na sa alƙalamin a robar da ruwa ba ya shiga, tare da ma'aunin zafi na naira 4,500. Da azahar ma'aunin yana nuna 25 zuwa 26. Ana zuba wa yashin ruwa safe da yamma. Wannan ba ya maye gurbin firji, amma ya riƙe maganin ƙasa da iyakar da takarda ta gindaya. Daga yanzu ɗai-ɗai zan riƙa saya, ko da farashi zai tashi a tsakani.

Zafin dare babu fanka ya ɓata barcin makon gaba ɗaya, kuma na lura sugan safe ya ɗan hau duk da cewa abincin bai canja ba.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Ranar Juma'a na hau 0.5, jiya kuma aka ɗaura auren 'yar ƙanena. A wajen walima aka ajiye mini masa da miyar taushe da farfesun kayan ciki da soyayyen naman rago, kuma babban wan uban amarya ba ya ture faranti a gaban surukai. Abin da na ci bai kai rabin abin da na saba ba, amma maiƙon ya zauna a tumbi kamar an ɗora dutse. Cikin dare ƙwannafi ya tashe ni, gyatsa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ta biyo, kafin asuba na yi amai. Likita ya riga ya gaya mini alamar da za ta sa in garzaya asibiti, wato ciwon ciki mai tsanani da ba ya lafawa, wanda ke ratsawa zuwa baya. Nawa bai kai haka ba. Na wuni a kan ruwan gishiri da suga kaɗan-kaɗan da kunu marar kauri, domin rashin ruwa bayan amai yana iya taɓa ƙoda.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Yau a tsakiyar tafiyar asuba zufa mai sanyi ta karyo mini, hannuwa suka kama karkarwa, ido ya fara dishi-dishi. Na zauna a dakalin wani gida na auna, na ga 62, alhali duk abin da ya gaza 70 sugan ya faɗi ke nan. Na ci dabino uku da ke aljihuna, na jira kwata na awa, na sake aunawa ya koma 88. Da na je asibiti likita ya ce: "Malam, ba allurar ba ce ita kaɗai. Gilibenkilamayid yana matso insulin ko ka ci ko ba ka ci ba, kai kuma yanzu cinka ya ragu." Ya raba ƙwayar biyu, ya ce idan awon safe ya ci gaba da zama ƙasa zai cire ta gaba ɗaya. Ya kuma ce in riƙa cin ɗan abu kafin in fita.

Asabar, 23 ga Nuwamba

An cire gilibenkilamayid. Na karɓo alƙalami na biyu daga ajiya. Taurin bayan gida ya dame ni, sai aka ƙara kuɓewa da kuka da gwanda da ruwa, ya yi sauƙi.

Damuwar likita yanzu ita ce tsoka, domin nauyin da ke zubewa da irin wannan magani ba kitse ba ne zalla, akwai tsoka a ciki, kuma wanda ya doshi hamsin ba ya mayar da ita da sauƙi. Na fara atisaye Talata da Asabar a tsakar gida: tashi da zama daga kujera, tura bango da hannu, ɗaga jarkokin ruwa masu lita biyar. Tun da ci ya ragu, furotin nake fara ci kafin tuwo: ƙwai biyu ko alale da safe, awara ko wake da rana, kifi ko kindirmo marar suga da yamma. Cefane ya ƙaru da kimanin naira 35,000 a wata, amma kuɗin lemo da tsiren dare sun koma aljihu. Kilo 99.

Lahadi, 8 ga Disamba

Makon jiya na bi wasu matasa hawan Dutsen Dala, a saukowa gwiwar dama ta riƙe, ta kumbura, har sujada ta zama da wahala. Ɗan yayata, wanda ke zuwa gidan ɗaga ƙarfe, ya zo duba ni da wata 'yar kwalba a aljihu mai farin gari a gindinta. Ya ce: "Kawu, wannan ma feftayid ce irin taka, BPC-157, a wajenmu duk wanda ya ji ciwo ita yake yi, mako biyu ya miƙe." Naira 85,000 ake sayar da ita, mutum ne zai dama ta da ruwan allura da kansa, ya ƙiyasta awon da kansa. Ya ƙara da cewa akwai wasu da ake haɗawa, TB-500 da CJC-1295 da ifamorelin, masu sa tsoka da mayar da ƙuruciya.

Na juya kwalbar a hannu. Babu lambar NAFDAC, babu adireshin wanda ya ƙera, babu takardar bayani, kuma an rubuta da Turanci a ƙasa cewa don bincike ne kawai, ba don amfanin ɗan Adam ba. Na ɗauki hotonta na kai wa likita. Bayaninsa shi ne BPC-157 sarƙa ce mai amino asid 15, yawancin binciken da aka yi a kanta a kan ɓeraye ne, kuma kaso mai yawa daga rukunin masana ɗaya ya fito a Zagareb ta Kuroshiya. Babu babban gwaji a kan mutane da ya tabbatar da amfaninta ko ya fayyace illarta. Hukumar yaƙi da shan abubuwan ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta haramta ta tun 2022, hukumar magunguna ta Amurka kuma a 2023 ta sa ta cikin sinadaran da take da shakku kan amincinsu. Masu tayar da sinadarin girma, irin su CJC-1295 da ifamorelin, sun fi zama haɗari gare ni, domin sinadarin girma yana rage tasirin insulin, yana ɗaga suga. Ban da wannan duka, ba wanda ya san ko abin da ke cikin kwalbar shi ne abin da aka rubuta, ko an ƙera shi da tsabtar da ta dace da abin da za a tsira a jiki.

A ganina bambancin a fili yake. Semagulutayid ya sa ni amai, ya taimaka wajen faɗuwar sugana, amma duk abin da ya same ni an rubuta shi a takarda tun kafin in fara, likita ya san shi, ya san abin yi. An gwada shi a kan mutum fiye da 17,000 masu ciwon zuciya da ƙiba a binciken SELECT da aka fitar a 2023, aka ga raguwar kashi 20 cikin ɗari na bugun zuciya da shanyewar jiki da mutuwar da ke biyo su. Kwalbar ɗan yayata kuwa shaidarta ita ce wane ya yi ya warke, alhali yawancin irin wannan ciwo da kansa yake lafawa cikin makonni. Na mayar masa, na roƙe shi shi ma ya daina, ya ce to, amma ban ga alamar ya gamsu ba.

Gwiwar an tura ni sashen gashi. An ce jijiya ce ta gurɗe, ba karaya. Hutu, ɗauri, da atisayen ƙarfafa cinya. Zama huɗu naira 24,000. An hana ni yawan shan magungunan kashe zafi irin su ibufurofen saboda ƙoda da hawan jini.

Lahadi, 22 ga Disamba

Hunturu ya sauka da ƙura. Na mayar da tafiya bayan la'asar, a shimfiɗaɗɗiyar hanya, da takunkumi. Alƙalami na uku naira 325,000.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Sakamakon wata uku da fara allura: HbA1c 7.1, nauyi kilo 96.5, ƙugu santimita 104, awon jini 134 bisa 84. Uwargida ta ce minshari ya ragu sosai. Manyan riguna ba a taɓa su ba, amma wanduna sai da tela ya rage. Ba zan iya raba abin da allura ta yi da abin da tafiya da faranti suka yi ba, sai dai kundin ya nuna kilo ɗaya ya tafi tun kafin allurar farko, kuma awon jini ya fara sauka tun lokacin da aka rage gishiri.

Jimillar kuɗi zuwa yau: magani naira 935,000, gwaje-gwaje da ganin likita da gashi kimanin 110,000, kayan awo da takalmi da tsinke kimanin 75,000. Maganin kaɗai ya cinye fiye da kashi 80 cikin ɗari.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Mako uku nauyi yana tsaye a kilo 96. Likita ya ce wannan ba abin mamaki ba ne. Raguwar kusan kashi 15 cikin ɗari da ake yawan ambata daga binciken STEP 1 na 2021 ta fito ne, inda aka ba marasa ciwon suga miligiram 2.4 har mako 68, kuma masu ciwon suga sukan rage ƙasa da haka. Ni a 0.5 nake, kuma burinmu suga ne kafin sikeli. Ya tuna mini da ɗaya ɓangaren binciken: waɗanda aka bi bayan sun daina allurar sun mayar da kimanin kashi biyu cikin uku na nauyin da suka zubar cikin shekara guda. Na gaya masa gaskiyar aljihuna, cewa ciniki ya ja baya, kuɗin makarantar yara na tafe, kuma ba zan iya wuce watan Afrilu ina sayen maganin ba.

Ga abin da muka tsara. Ba za a ƙara awo ba, musamman da ake sa ran fara azumi farkon Maris, domin tashin zuciya da ƙishirwar bazara ba sa haɗuwa. Allurar Juma'a za ta koma bayan buɗa-baki, a raba metfomin tsakanin buɗa-baki da sahur. Zan riƙa auna suga da hantsi da bayan la'asar, kuma zan karya azumi idan ya gaza 70 ko ya haura 300, ko jiri da amai suka kama ni. Na tambayi limaminmu, ya ce tsira yatsa don awo ba ya karya azumi. Buɗa-baki zai zama ruwa da dabino ɗaya ko biyu da kunu marar suga, ƙosai da soyayyen dankali sau ɗaya a mako, sahur kuma wake ko ƙwai da acha. Tafiya za ta koma bayan tarawihi, atisayen tsoka kuma zai ci gaba ko da a rage jarka.

Bayan Sallah za a sake HbA1c da gwajin ƙoda. Idan ya sauka ƙasa da 7, za a dakatar da allurar a ƙarƙashin kulawar likita, in riƙa auna nauyi da ƙugu kowace Asabar, in koma wajensa da zarar nauyi ya ƙaru da kilo uku ko sugan safe ya riƙa wuce 130, a duba wane magani mai sauƙin kuɗi za a ƙara a kan metfomin. Gobe zan je in ji farashin alƙalami na biyar, in kuma tambaya ko firjin solar zai ci gaba da karɓar ajiya idan zafin Maris ya shigo.